Darasi: 'Ya'yan Bedi da Tsutsar Sauro a Mashaya

'Yan uwa fatake, duk wanda ya kwana a bakin kara da damina ya san sauron yanzu ba ya jin magani kamar na da. A fesa da magariba, kafin asuba ya dawo. Dalili kuwa shi ne, maganin da ke jikin gidan sauro, da wanda ake fesa wa auduga, da wanda muke zuba wa shanu saboda kaska, yawancinsu dangi ɗaya ne. Sauron da bai mutu ba shi ke haihuwa, 'ya'yansa su gaji taurin. A Nijar an raba gidajen sauro ƙasa baki ɗaya a 2005 da 2006, ba a daɗe ba masu bincike suka ga wannan tauri ya ƙaru. Mu ma da namu laifin, domin wanda ya wanke tulun feshi a bakin tabki ya saba wa tsutsar da maganin tun tana cikin ruwa.

Abin bai tsaya ga masassarar da ke kayar da makiyayi a hanya ba. A 2016 masassarar kwarin Rift, wadda sauro ke yaɗawa, ta ɓulla a jihar Tawa wajen Cintabaraden. Dabbobi suka yi ta ɓari, mutane sama da 30 suka rasu. Irin wannan cuta kuwa takan sa a rufe wa dabbobi iyaka.

To, ina sauron yake fitowa? Mai kawo masassara ya fi son ɗan ruwa mara zurfi da rana ke duka: sawun kofato a bakin mashaya, da ramin da tayar babbar mota ta bari a wurin lodi. Daga ƙwai zuwa tashi, kwana 7 zuwa 10 ne in da zafi. A nan ya fi sauƙin kamu, don ba shi da fiffike.

A daminar 2007 an yi gwaji a ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai. Aka tsinci 'ya'yan bedi, wato darbejiya ko dogon yaro, aka shanya, aka daka, ana barbaɗa garin a kududdufai sau biyu a mako. Sauron masassara ya ragu da kusan rabi. Bedi ba ya kashewa nan take. Abin da yake yi shi ne hana tsutsar ci da yin saɓa, sai ta mutu ba ta zama sauro ba. Tun da hanyar aikinsa daban take da ta maganin feshi, taurin nan bai kare ta.

Amma fa a lura, rabi aka ce, ba duka ba, saboda haka kada kowa ya naɗe gidan sauronsa. Rana kuma tana kashe ƙarfin garin da wuri, wanda ya zuba sau ɗaya ya tafi bai yi kome ba. A ganinmu wannan aikin shugabannin kara ne da ke zaune, ba na bafataken da ke wucewa ba. A ɗauki yara biyu, a yanka musu lada daga kuɗin kara.

Kada a zuba a rijiya, ko kwamin da shanu ke sha, ko tabkin da ke da kifi. Kwami a kwashe shi a wanke duk mako, ƙananan ramuka a cike su da ƙasa. Garin bedi na ruwan da ya gagari cikewa ne. 'Ya'yan kuma a tara su tun suna zuba, a shanya a inuwa, kada su yi fumfuna.