Sikada Ba Gyare Ba Ne

Ɗalibai da dama sukan fassara sunan ƙwaron nan sikada da gyare ko tsanya. A ganina gara a ari kalmar, domin ba danginsu ɗaya ba. Gyare tauna abinci yake yi, kuma da dare yake kuka ta hanyar goga fukafukansa. Shi kuwa sikada bakinsa kamar allura yake, da shi yake tsotsar ruwan itace. Da tsakar rana ake jin ƙararsa daga bishiyoyi, ko a Borokiri ta Fatakwal ko a Zariya. Namijin ne ke yin ta don kiran mace, da wasu fatu biyu a gefen cikinsa masu kaɗawa kamar fatar kalangu.

Macen takan tsaga reshe ta yi ƙwai, 'ya'yan su faɗo su shige ƙasa, su yi shekaru suna tsotsar saiwa. A Amurka akwai irin da ke yin shekara 13 ko 17 a binne. A 2024 wasu rukunoni biyu sun fito tare, rabonsu da haɗuwa tun 1803. Bayan fitowar, makonni kaɗan suke yi su mutu.