Sa'ad da Albashi Ya Yanke

Karanta 2 Sarakuna 4:1-7 tukuna, sa'an nan ka bi wannan darasi.

Ran 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ramin uraniyum na kamfanin COMINAK a Akokan, kusa da Arlit, bayan shekara fiye da 40 ana tono. Dutsen da ake haƙa ya yi ƙaranci. Ma'aikata wajen 600 aka sallama, ban da ɗaruruwan da suke aiki a hannun 'yan kwangila. Kafin wannan, a 2017, gwamnati ta yi wa malaman makaranta 'yan kwantiragi jarrabawa, dubbai suka rasa ajinsu. A 2025 kuma Amurka ta yanke yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje, ayyukan agaji da yawa suka tsaya, direbobi da masu gadi da ma'aikatan lafiya suka koma gida.

A nan ƙasar Dakoro masu albashi kaɗan ne. Wanda yake da shi kuwa ba shi kaɗai yake ci ba. Akwai mata da yara ƙanana, akwai tsohuwa a ƙauye, akwai ƙane a makaranta. Ran da albashi ɗaya ya yanke, tukunya uku sukan ji a jikinsu. Ɗan'uwa, in kai ne aka miƙa wa takardar sallama, ko kuwa kana jin ƙishin-ƙishin za a miƙa maka, wannan darasi naka ne.

Allah ya yashe ni ne?

Wannan ita ce tambayar da takan hana mutum barci. Dubi matar da ke cikin karatunmu. Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, mai tsoron Allah ne, Elisha kansa ya san haka. Duk da haka ya mutu ya bar bashi, har mai bin bashin ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Tsoron Allah bai hana masifa shiga gidan nan ba. Iliya ma, Allah ne da kansa ya aike shi rafin Kerit, amma da fari ya yi tsanani rafin ya ƙafe (1 Sarakuna 17:7). Rafin da Allah ya ba ka yana iya ƙafewa, mai bayarwa kuwa yana nan.

Waɗansu sukan ɗauki 2 Tasalonikawa 3:10 su doki wanda ya rasa aiki da ita. Wannan kuskure ne. Bulus yana magana a kan wanda ya ƙi yin aiki. Wanda ya nema bai samu ba, nasa misali yana cikin Matiyu 20, mutanen nan da suka wuni a kasuwa har yamma don ba wanda ya ɗauke su. Maigidan ya ɗauke su, ya kuma biya su cikakken lada. In kuwa sata ko giya ko ha'inci suka sa aka kore ka, to, abin da ke gabanka tuba ne, ka kuma mayar da abin mutane. Wannan darasi ne dabam.

Ka faɗa wa matarka

Abu na fari da gwauruwar nan ta yi shi ne ta buɗe baki ta faɗi halin da take ciki. A nan ne maza da yawa suke faɗuwa. Mutum ya karɓi takarda ran Litinin, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ran Talata ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya fita kamar kullum, ya wuni a tasha ko a fada ana shan shayi. Da yamma ya dawo ya ce aiki ya yi yawa yau. Matar kuwa ba ta san kome ba. Tana ta karɓar shinkafa da sabulu a wurin mai kanti, a rubuta sai ƙarshen wata. Ta yi wa ƙanwarta alkawarin gudummawar biki. Ƙarshen wata ya zo, mutumin ya ci bashi don ya rufe ƙaryar. Wata na biyu ya ƙara ci. Ran da maganar ta fito, a bakin maƙwabciya ce matar take ji, a bakin rijiya. Yanzu gida ya rasa abu biyu, albashi da amana. Na biyun ya fi wuyar dawowa.

Na san abin da ke hana mutum magana. Kunya ce. An rene mu a kan cewa namiji shi ne mai cefane, ran da ya kasa kuwa kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Amma Maganar Allah ta ce kai da matarka jiki ɗaya ne (Farawa 2:24). Hannun dama yana ɓoye wa na hagu ƙuna? Ka faɗa mata a daren da aka sallame ka, bayan yara sun kwanta. Ka faɗi kome, har da bashin da ake binka wanda ba ta sani ba. Za ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi fushi. Ka bar ta. Sa'an nan ku durƙusa tare.

Ke kuma, 'yar'uwa, ki kula da harshenki a kwanakin nan. Mutumin da ke gabanki ya riga ya sha duka a waje. Kada ki kira shi rago a gaban yara, kada ki gwada shi da mijin wance. Abin da kika faɗa a watan nan zai tuna da shi har tsufansa, mai daɗi ne ko mai ɗaci. Yara kuwa a gaya musu daidai hankalinsu: aikin Baba ya ƙare, za mu rage waɗansu abubuwa, makaranta tana nan. Yaro yana gane damuwa ko ba a faɗa masa ba, in kuwa an bar shi cikin duhu yakan zaci shi ne ya yi laifi.

Abin da ya rage a ɗaki

Elisha ya tambayi matar abin da ya rage mata. Da fari ta ce babu, sa'an nan ta tuna da ɗan man da ke cikin kwalba. Haka baƙin ciki yake yi, yakan rufe ido ga abin da ke akwai. Saboda haka ku ɗauki fensir da takarda, kai da matarka, ku ƙidaya.

Ku fara da hatsi. Buhu mai kilo 100 yana da tiya wajen 40. In gidanku yana cin tiya ɗaya da rabi a yini, buhu ɗaya ba zai cika wata ba, kwana 26 ne. Ku auna abin da ke rumbu, ku san ranar da zai ƙare. Wanda ya san ranar yana iya shiri. Sa'an nan ku rubuta awaki da kaji, da gona in akwai, da keken ɗinki, da babur, da abin da hannun kowannenku ya iya yi. A ɗaya gefen ku rubuta bashi, sunan kowa da abin da yake bi.

Takardun aikinka ma dukiya ne. Ka karɓi takardar shaidar aiki. Ka adana lambarka ta CNSS, gama shekarun da aka yi ana yanka maka suna nan a rubuce, za su yi maka amfani ran tsufa. Ka tambaya a kan kuɗin sallama da na hutun da ba ka ci ba. In an hana ka, akwai ofishin sufeton aiki a Maradi. Waɗansu masu bi suna tsammani neman hakki rashin bangaskiya ne. Bulus bai ga haka ba. Da aka doke shi a Filibi ba bisa doka ba, ya tsaya a kan hakkinsa har mahukunta suka zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37-39). Ka nema da ladabi, ban da zagi, ban da ƙarin gishiri.

In kuɗin sallama sun fito, nan ne babbar jarraba. Mutum bai taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka a lokaci ɗaya ba, sai ya ga kamar ba za su ƙare ba. Dangi su ji labari su zo. Wani aboki ya kawo shawarar a sayi tsohuwar mota a sa a hanyar Maradi, ga shi kuwa ba ka taɓa riƙe mota ba, ba ka san kuɗin taya ba. Kafin damina biyu, motar tana kan duwatsu, kuɗin sun tafi. Ka lura da yadda Elisha ya jera wa matar abin yi a aya ta 7: ta sayar, ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su ci sauran. Bashi ne a gaba. Wanda ba ka iya biyansa duka ba, ka je wurinsa da ƙafarka kafin ya zo ƙofarka, ku yanka abin da za ka riƙa ba shi. Bayan bashi sai hatsi. In kaka ce, wajen Oktoba da Nuwamba, ka saya ka ajiye, gama kowa ya san yadda tiya take tashi daga Yuni zuwa Agusta. Gona kuwa kada ka sayar. Aiki yakan zo ya tafi, gonar da ta fita hannu da wuya ta komo.

Da yake muna maganar bashi, mai karatu, akwai wani wanda kuɗin sallama ba su biyansa, wato bashin zunubi. Yesu Almasihu ya biya shi a kan gicciye (Kolosiyawa 2:13-14). In ba ka karɓi wannan ba tukuna, ka nemi fasto ko wani dattijon ikilisiya ku yi magana.

Tuluna na aro

Man bai ƙaru ba sai da matar ta aro tuluna daga gidajen maƙwabta. Ka yi tunanin kunyar da ke ciki, kowace ƙofa sai an tambaya me za a yi da su. Amma yawan tulunan da ta ara, shi ne yawan man da ta samu.

Mu mutanen Dakoro mun san irin wannan aro. Fulani maƙwabtanmu suna da habbanaye: wanda dabbobinsa suka mutu a ba shi aron saniya ko akuya, ya yi kiwonta har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Ba sadaka ba ce, ba wanda aka ƙasƙantar. Mata kuma suna da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991, yau ya bazu ƙasashe da yawa. Mace takan zuba kaɗan kowane mako, ta ɗauki rance ta sayi gyaɗa, ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli. Sau da yawa wannan ɗan man ne yake riƙe gida har maigida ya tashi. To, maigida, kada ka ci jarinta. In ka karɓe kuɗin asusu ka sayi kati ko sigari, ka fasa kwalbar da kanka.

Kai ma kada ka raina ƙaramin aiki. Wanda ya saba zama a kan kujera yakan ji nauyin a gan shi yana jan amalanken ruwa, ko buga bulo, ko kabu-kabu, ko turkar rago don kasuwar Layya. Manzo Bulus masanin Attaura ne, amma ya zauna da Akila da matarsa a Koranti suna ɗinkin alfarwa (Ayyukan Manzanni 18:3). Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Caca da boka kuwa ba tuluna ba ne, ramuka ne.

Zancen tafiya biɗa fa? Ba a hana ba, 'ya'yan Yakubu ma sun tafi Masar neman hatsi. Amma a san hanya. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. A watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a ƙasar Dan Isa, a nan jiharmu, aƙalla mutum 18 suka mutu. In dole ka tafi, ka tafi da yardar matarka, ka bar hatsin da zai kai su, ka sanar da dattawa inda ka nufa da lokacin da za a sa ido.

Aikin ikilisiya

Maƙwabtan gwauruwar nan ba su yi mata wa'azi ba, tulunansu suka ba ta. Yakubu 2:15-16 yana tsauta wa wanda ya sallami mayunwaci da fatan alheri kawai. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, baikonmu kaɗan ne, amma akwai abin da muke iyawa.

Dattawa biyu su je gidan da dare, ba tare da shela ba, su tambayi abin da ke rumbu. Kada a kira sunan mutum a gaban jama'a sai da yardarsa. Wanda yake da aikin gini ko shinge ko noma, ya fara kiran ɗan'uwan nan, ya biya shi cikakken lada a ranar, kada ya rage don ya ga yana cikin matsi. Mai awaki biyar ya ba da aron ɗaya. Zumuntar mata ta sayi manta da ƙuli-ƙulinta. A duba kuɗin makarantar yara kafin a kore su, musamman 'yan mata, gama su ake fara cirewa.

Ku lura kuma da wanda ya daina zuwa sujada. Sau da yawa ba bangaskiyarsa ce ta yi sanyi ba, kwanon baiko yake gudu. Wani dattijo ya je ya gaya masa a fili cewa kujerarsa tana nan ko ba dala a aljihunsa. In shi ne mai karanta Littafi ko mai bi da waƙa, a bar shi a kan aikinsa. Bayan wata uku a sāke komawa gidan, domin a makon fari kowa yakan zo jaje, amma a wata na uku ne hatsi yake ƙarewa.