ZIYARAR LAMBU DA RANI

Tun da aka gama madatsar ruwan Chalawa a ƙasar Karaye cikin shekarar 1992, noman rani ya yawaita a wannan yanki. A ƙasar Rogo kuwa, fadamun rake da tumatir da barkono sun daɗe suna ciyad da mutane. Amma ga abin mamaki. Sai ka ga mutum biyu lambunsu na jere, ruwa ɗaya su ke sha, wannan ya cika kwanduna, wancan ko kuɗin iri bai mayar ba, kuma bai taɓa ƙetare shinge ya ga yadda maƙwabcinsa ke yi ba. Wani kunya ke hana shi, wani girman kai. Mai lambun ma wani lokaci tsoron kambun baka ya ke yi.

Mutanen Ingila suna da wata dabara game da wannan. Cikin 1927 masu lambu 609 suka buɗe wa jama'a ƙofa, duk wanda ya shiga kallo ya ba da sule 1. Aka tara fiye da fam 8,000, aka taimaki masu jinya da ke bi gida gida suna duba marasa lafiya. Har wa yau suna yi kowace shekara. Nasu galibi furanni ne na ƙawa, namu kuwa abin miya ne da kuɗin cefane, don haka mun fi su bukatar ganin na juna. Ga shi kuma a mazhabar Malik ba a fid da zakka daga ɗanyen kaya irin tumatir da albasa, sai sadakar ganin dama. To, buɗe lambu rana guda sadaka biyu ce: ta sani, da ta abin da baƙi suka ajiye.

Lokacin da ya fi kyau shi ne tsakiyar sanyi, watau Disamba zuwa Janairu, sa'ad da shuka ta kankama. Kadan ka shiga, kada idonka ya tsaya kan 'ya'ya kaɗai, gama ko yaro ya san jan tumatir. Durƙusa ka damƙi ƙasar fangali, ka ji ko jigawa ce ko laka, ka gwada ta da taka. Auna tsakanin gindi da gindi da taƙinka. Sa'an nan ka tambaya: yaushe aka yafa iri, kwana nawa ya yi kafin dashe? Tumatir ya kan isa dashe cikin mako 4 zuwa 5, albasa sai ta yi 6 zuwa 8. Kwana nawa tsakanin ban ruwa da ban ruwa?

Tambayar da ta fi duka amfani, wadda kuma aka fi mantawa, ita ce: mene ne aka shuka a wurin nan bara? Tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Wanda ya maimaita su wuri ɗaya shekara da shekaru, sai ya ga shuka na yaushi ga ruwa kwance, in ya tuge ya tarar saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Waɗansu tsutsotsi ne cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Gwanin lambu ya kan raba tsakani da masara ko albasa, kuma ba za ka gane haka da kallon rana ɗaya ba, sai ka buɗe baki.

Akwai abu biyu da baƙo ya kamata ya kiyaye. Na fari, kwaɗayin iri. Mutum ya ga mangwaro mai aure, ya roƙi ƙwallo ya binne, ya jira shekara 6 ko 7, ya sami wani abu dabam mai tsami da zare. Reshe ake aurawa, shi ne ke ba da irin uwar, kuma ya kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Haka nan tumatir ɗan aure na gwangwani ko takarda: in ka matse 'ya'yansa ka shanya, na baɗi ba zai yi kamar na bana ba. Na biyu, ɗaukar cuta. Kowa ya tuna tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau cikin 2016. Cikin ganye ta ke shiga, ta bar farin tabo, kuma dashe da kwando suna kai ta wani gari. Kada ka karɓi dashe sai ka juya ganyen ka duba.

In ka koma gida, kada ka juye lambunka duka don abin da ka gani. Ware fangali ɗaya ko biyu ka jarraba, sauran ka bar su yadda ka saba, ranar ɗiba ka ƙidaya kwandon kowanne dabam.

Sauran magana ta dagatai da masu unguwa ce, don mai lambu ba zai yarda a tattake masa shuka ba sai da babba a wurin. A zaɓi lambu 3 ko 4, ba na masu arziki kaɗai ba, har da na mai jigo ko ƙaramin inji. A yi shela ranar kasuwa, a gayyaci malamin gona. Baƙi su shiga goma goma, su bi kan kunya, ban da awaki, ban da tsinka. A ajiye ƙwarya bakin ƙofa, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Tun kafin ranar a faɗi inda kuɗin za su, ko marayun gari, ko gyaran rijiya. Da la'asar liman da dattawa biyu su ƙirga a gaban jama'a, malamin dagaci ya rubuta.