Dokokin Gidan Haya: Wanda Ba Zai Iya Ba, Ya Je Ya Gina Nasa

A gidan haya na tarayya, ko bene ne mai sashe 6 a Hotoro, ko jerin ciki da falo a Kurna, Ɗorayi ko Na'ibawa, abin da ke fara mutuwa shi ne abin da kowa ke mora amma babu mai ce da shi nasa: sokawe, mita, kwata, tankin ruwa, ƙofar waje. Leƙa ɗakin ɗan haya ka ga tayil na ƙyalli, labule ya sha guga, turaren wuta na tashi. Fito tsakar gida kuwa sai ka toshe hanci. Don haka ga sharuɗɗa, kuma babu lallashi a cikinsu. Wanda ya ga sun yi masa tsauri, fili bai ƙare a Kano ba.

Ɗan haya, da kai zan fara.

Ka karanta yarjejeniya kafin ka karɓi makulli. In ba ka yi boko ba, ka zo da wanda ya yi, a karanta maka a gaban shaidu. Kada ka rattaba hannu cikin ɗokin tarewar amarya, bayan wata 3 ka ce ba wanda ya gaya maka ba a kiwo a gidan. An gaya maka, yana nan a shafi na biyu, hankalinka ne yake kan kayan lefe.

Ka biya haya ranar da ta cika. In ka hango ba za ta samu ba, ka taka da ƙafarka wurin mai gida tun da sauran wata guda, ka sa ranar da ka tabbata za ka cika. Kowa ya san yadda rayuwa ta koma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma mafi yawan masu gida suna ɗaga ƙafa ga wanda ya zo da kansa. Wanda ba shi da uzuri shi ne mai kashe waya, mai turo yaro ya ce Baba ba ya nan alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Ka kuma cire wa ranka cewa duk mai gidan haya attajiri ne. Da yawan gidajen nan na magada ne, wasu na 'yan fansho ne da suka zuba garatutinsu a bulo da siminti. Kuɗin da ka riƙe ɗin nan, akwai marayan da aka koro daga makaranta saboda shi.

Kada ka taɓa mita. Kada ka kira yaron unguwa mai filaya ya zagaye maka ita cikin dare don hita da dutsen guga su sha wutar banza. Satar wuta sata ce, Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadar mata tara da ɗauri. Ranar da ma'aikatan KEDCO suka gano kuwa, tsani za su kafa su sauke wayar gidan gaba ɗaya, mai jego da mai ajiyar magani a firji su kwana cikin duhu da zafi saboda kai.

In mita ɗaya ce ta haɗa ku, ka faɗi gaskiyar kayan wutar da ke ɗakinka. Mai ƙwai biyu da fanka ba zai biya daidai da mai firiza da esi ba. Rigimar nan ta ƙara ƙamari tun Afrilun 2024, da aka mayar da kuɗin wutar masu layin Band A naira 225 kan kowane yunit. Da can ana jin nauyin yin magana a kan 'yan canji. Yanzu kati na ƙarewa kafin mako ya zagayo, kowa na harare ƙofar kowa. Ke mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, Allah ya sa wa sana'arki albarka, amma ki biya kuɗin wutar sana'a.

Kada ka tayar da janareto a baranda, ko ƙarƙashin matakalar bene, ko jikin tagar maƙwabci, balle ka shigar da shi ɗaki don gudun ɓarawo. A cikin hayaƙinsa akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. An sha ɓalle ƙofa a ƙasar nan a tarar da iyali guda babu mai motsi. Gawayi a kurfoti cikin rufaffen ɗaki lokacin hunturu ma haka yake kisa. Ka kai injinka can ƙarshen katanga inda aka ware, ka kashe shi a lokacin da gida ya amince. Jarkar fetur kuma ta yi nesa da tukunyar gas.

Sai maganar da ba a son yi. Uwargida, da ke nake, kuma da girmamawa nake faɗa: masai ba bola ba ne. Famfas ɗin yara, audugar mata, leda, tsumma, gashin tsifa, ragowar tuwo, babu ɗaya a ciki da ke narkewa a bututu. A bene abin ya fi zama zalunci, don bututu ɗaya ne ya sauko daga sama har ƙasa. Wadda ta jefa tana can sama tana shan iska, wadda abin ya ɓullo wa a banɗaki tana ƙasa, ba ta ci ba, ba ta sha ba. Aka ce a yi karo-karon motar kwasar masai, sai a ji mai laifin ce ta fi kowa ɗaga murya, wai ita banɗakinta lafiya lau yake. A gidan da rijiya ke taku kaɗan daga ramin masai kuwa, tumbatsar sokawe ta wuce maganar wari. Amai da gudawa kuke gayyata, kuma daga ƙananan yara yake farawa.

Kada ki miƙa wa yaro bokitin shara ba ki san inda zai kai ta ba. A lambatun ƙofar gida zai juye, ya dawo miki da bokiti yana murmushi. Ledar da ta taru a nan ita ce ruwan da zai shigo miki har ƙarƙashin gado a watan Agusta. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, kowane sashe ya fito da mutum ɗaya da tsintsiya ko shebur. Motar hukumar kwashe shara ta REMASAB ba za ta shigo lungu ta yashe muku kwata ba.

Ki rufe famfo. Ruwan tanki na mazauna gidan ne, ba na sayarwa ba.

Ɗan haya, na dawo kanka. Kada ka fasa bango, kada ka mayar da taga ƙofar shago, kada ka huda rufi don kafa sola sai da izinin mai gida a rubuce. A bene, bangon da kake ganin ya matse maka falo wataƙila shi ke ɗauke da ɗakin na samanka. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci ma ba maganar kai da mai gida kaɗai ba ce, hukumar tsara birni ta KNUPDA na da ta cewa. Injin markaɗe a tsakar gida, a'a. Ragon layya na 'yan kwanaki kowa zai yi haƙuri da shi, amma awaki da agwagi a gidan da ba naka ba, a'a.

Kada ka zuba wani a ɗakin ka riƙa karɓar haya a hannunsa. Kada ka kama ɗaki da sunan kai da matarka, a wayi gari mutum 11 ke layin banɗaki. Ba wanda ya hana ka baƙo, mu ba mutanen da ke korar baƙo ba ne. Amma ƙanin da ya zo rubuta JAMB har ya shekara biyu ya tashi daga baƙo. A sanar da mai gida, a sanar da mai unguwa, don yana da haƙƙin sanin wanda ke kwana a unguwarsa.

Ƙofar waje tana da lokacin rufewa. In aikinka na dare ne, ka nemi makulli, ka daina dukan ƙarfe ƙarfe biyun dare. Kada ka yi wa maigadi tsawa alhali kuɗin gadin da ka ƙi biya shi ne albashinsa. Mota ko A Daidaita Sahu, ka ajiye inda mai fita da asuba zai iya wucewa. Biki ko suna, a sanar da maƙwabta tun da mako guda, mai kiɗa ya tattara wayoyinsa kafin dare ya yi. Karatun malam ma, in ka ƙure sautinsa mutane na barci, cutarwa ce, ba lada kake tarawa ba. Faɗan yara kuma a bar wa yara. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, ba a ce mu kai juna caji ofis a kan ƙwallo ba.

Ranar tashi, ka bar ɗaki yadda ka same shi. Abin da tsufa ya lalata ba ya kanka, abin da sakacinka ya lalata ka biya. Kada ka kwance soket da kan famfo da ka tarar, kada ka gudu ka bar wa na bayanka bashin wuta.

Alhaji mai gida, ranka ya daɗe, saura kai, kuma naka ya fi nauyi.

Kai ne ke fara kashe dokar gidanka, ranar da ka kawar da kai ga mutum ɗaya. Ƙanin Hajiya ya shekara bai biya ba, ka yi shiru. Yaron amininka ya kawo tumaki, ka ce a bar shi, ɗan gida ne. Mai kaki ya zagaye mita, ka yi kamar ba ka gani ba. Sauran 'yan haya ba makafi ba ne. Sun gane cewa takardar da ka manna a soro ta marasa gata ce, kuma daga ranar ba ka da bakin tsawata wa kowa. Kunya ado ce a wurin suruki, a harkar haya kuwa ita ke rusa gida. Kada ka ba ɗan'uwa haya in ka san ba za ka iya aika masa notis ba. Ko ka ba shi kyauta ka san sadaka ka yi, ko ka ce masa babu ɗaki, zumuncinku ya tsira.

Ka rubuta komai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma sai ka ga bawan Allah da gida 5 babu takarda ko ɗaya, wai ai an yarda da juna. Ka ba da rasit duk lokacin da ka karɓi kuɗi. Ka ɗauki hoton ɗaki da lambar mita ranar shiga, a gaban mai shigar.

Kada ka bar wa dillali zaɓen wanda zai zauna maka a gida. Shi la'adarsa yake nema, yana karɓa ya yi gaba, kai za a bari da mutumin. Ka tambayi inda ya taso da dalilin tasowarsa, ka ji ta bakin tsohon mai gidansa. Hali za ka bincika. Kada ka hana mutum ɗaki don yarensa, ko don bazawara ce da 'ya'yanta, don sau da yawa irinsu sun fi mai babbar riga cika alkawari.

Ka yi gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yoyon kwano, tsagewar bango, ruftawar sokawe, tsohuwar wayar wuta, duk naka ne, ka ware musu wani abu daga hayar kowace shekara. In da hali ka nema wa kowane sashe mitarsa, rabin shari'ar da ake kawo maka za ta ƙare. Ƙarin kuɗin haya kuma ka faɗa tun da nisa, ba ana saura mako ba.

Kada ka faɗa sashen ɗan haya ba sanarwa, balle mijin ba ya nan. Ginin naka ne, amma amfaninsa na wa'adin nan ka riga ka sayar. In ɗan haya ya rasu da sauran wa'adinsa, iyalinsa za su zauna har ya cika. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya bayyana cewa mutuwar mazauni ba ta warware haya. Kada ka turo dillali duba ɗaki matar tana takaba.

Wanda ya ƙi biya, ya ƙi tashi, akwai hanyar fitar da shi. Kada ka yaye masa kwano, kada ka cire ƙofa, kada ka garƙama kwaɗo, kada ka yanke ruwa, kada ka ɗauko 'yan daba. Duk wanda ka yi a ciki, ka mayar da kanka mai laifi, shi ya koma mai ƙara. Kada ka sa a kama shi, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Ka fara da sulhu gaban mai unguwa da dattawan layi. In ya faskara, sai notis. A dokar Abuja, haka ma dokar haya ta Legas ta 2011, matuƙar yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata 1 ake ba shi, mai biyan shekara wata 6, in ya cika a ƙara masa na kwana 7, sannan a tafi kotu. Ka sa lauya ya rubuta maka bisa dokar jiharka, don notis ɗin da aka rubuta ba daidai ba ya sha rusa ƙarar mai gaskiya. Kai kuma ɗan haya, watannin notis ba hutun biya ba ne, kuɗi na nan na hawa kanka.

Wakilin mai gida, kai da aka damƙa wa kula da wurin, ka buɗe littafi. Kuɗin gadi, na shara, na gyaran famfo, kowane da shafinsa, duk wanda ya biya yana da ikon ya duba. Kada ka karɓi kuɗin kwasar masai ka yi cefane da shi da niyyar mayarwa. Kada ka zama ɗan rahoto, kana kai maganar wannan sashe wancan. Ka tara mazan gidan sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, matan ma a ji ta bakinsu tunda su ke wuni a gidan. A karanta dokoki da lissafi a bainar kowa, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu. Wanda bai zo ba, hukuncin ya hau kansa.