Yadda Ake Kyautata Littafin Jagora na Harhaɗa Kenel ɗin Linux

Duk wanda Allah Ya nufa da zama cikin ɗaliban ilmin kwamfuta a wannan gari namu na Kaduna, ko na Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Ɓalewa, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada, ko kuwa samarin nan da ke koya wa kansu a ɗakunan iyayensu a Kawo da Malali da Unguwar Dosa, ba zai daɗe ba sai ya ji wani ya ce yana so ya harhaɗa kenel da hannunsa, wato wannan ɓangare na Linux da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, wanda shi ke raba musu ƙwaƙwalwa da lokaci, shi ke kuma magana da faifai da allo da madannai. Niyya ce mai kyau, kuma ƙofarta a buɗe take, domin tun da Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da aikinsa a shekarar 1991, asalin rubutun yana nan ga duk mai so, har yanzu da layukansa suka haura miliyan 30. Amma galibin masu wannan niyya sukan tsaya a rabin hanya, ba don ƙarancin fahimi ba, sai don jagorar da suka bi wani gwani ne ya rubuta ta, wanda ya daɗe da manta abin da bai sani ba a ranar da ya fara, ya yi shiru a daidai wuraren da almajiri ya fi bukatar magana. Gyaran wannan shirun shi ne aikin da zan bayyana.

Abu na farko, kafin ka ɗora hannu a kan rubutun jagorarka, sai ka yanke shawarar wanda kake yi wa magana, ka kuma rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman takarda: cewa wannan jagora ta wanda ya iya buɗe allon umarni ce amma bai taɓa harhaɗa kenel ba, an jarraba ta a kan nau'in Linux kaza, da kenel mai lamba kaza, a ranar kaza ga watan kaza. Kada ka raina wannan layi. Sabon kenel yakan fito kusan kowane mako tara ko goma, kuma sharuɗɗansa suna canzawa, ta yadda maganar da ta inganta bara takan zama ɓatacciya bana. Umarnin `make dep`, wanda ya zama wajibi a zamanin kenel 2.4, ya daina aiki tun fitowar 2.6 a ƙarshen 2003, amma har yau akan same shi a tsofaffin takardun da ake kwafa hannu zuwa hannu. Daga 4.16, a shekarar 2018, aka wajabta samun flex da bison a na'ura, kuma a 2021, da fitowar 5.15, aka ɗaga mafi ƙarancin GCC zuwa 5.1. Jagorar da ba ta da kwanan wata ba ta bai wa mai karatu hanyar sanin wanne zamani take magana a kai.

Na biyu, ka koma ga asali, kada ka dogara da ruwayar wani daga wani. A cikin rubutun kenel ɗin kansa akwai folda mai suna `Documentation`, wadda tun 2016 aka fara mayar da ita tsarin reStructuredText da Sphinx a ƙarƙashin kulawar Jonathan Corbet. Karanta `admin-guide/README.rst`, sannan `process/changes.rst` inda aka jera mafi ƙarancin lambar kowane kayan aiki, sannan ka zauna da kyau a kan `admin-guide/quickly-build-trimmed-linux.rst`, wadda Thorsten Leemhuis ya rubuta aka shigar a 2023. A ganina wannan ta ƙarshe ita ce mafi dacewa a yi koyi da tsarinta, saboda ya raba ta gida biyu: gajerun matakai a gaba, dogon bayani a baya, kowane mataki da mahaɗin da zai kai ka ga bayaninsa. Wanda ya taɓa duba rubuce-rubucen malamanmu na dā da ke ajiye a Gidan Arewa, a kan titin Rabah, zai gane wannan tsari nan take, domin matani ne da sharhi: matani gajere don a bi, sharhi mai faɗi don wanda ya tsaya yana tambayar dalili. Haka za ka shirya taka, kada ka cusa tarihin kowane umarni a tsakiyar matakai har mai karatu ya rasa inda ya kwana.

Na uku shi ne jarrabawa a kan na'ura mai tsarki, wadda ba a taɓa harhaɗa komai a kanta ba. Kwamfutarka ta yau da kullum ba za ta yi shaida ta gaskiya ba, domin ka riga ka cika ta da kayan aikin da ka manta ranar da ka sa su. Ka kafa sabon Debian ko Ubuntu ko Fedora a cikin QEMU ko VirtualBox, ka ɗauki tsohuwar jagorar da kake son gyarawa, ka bi ta harafi bayan harafi ba tare da ka ƙara mata komai daga saninka ba, da littafi da alƙalami a gefenka; duk inda ta tsaya, ko ta ba da saƙon kuskure, ko ka ji hannunka yana son buga wani abin da ba a rubuta ba, to nan ne gurbin, sai ka rubuta shi tare da saƙon kuskuren daidai yadda ya fito.

Daga nan sai ka fara rubutu, kuma ka gabatar da sharuɗɗa kafin rukunai. A Debian da Ubuntu ana bukatar `build-essential` da `bc` da `flex` da `bison` da `libssl-dev` da `libelf-dev`, da `libncurses-dev` ga mai son `make menuconfig`. A Fedora sunayen sun bambanta, irin su `openssl-devel` da `elfutils-libelf-devel` da `ncurses-devel`, don haka kowane nau'i da layinsa, kada a haɗa. Faɗi yawan sararin faifai, gigabait 12 zuwa 15 ga harhaɗawa madaidaiciya. A nan ne kuma marubucin da ke zaune a Kaduna yake da abin faɗa wanda marubucin Jamus ko Amurka ba zai tuna da shi ba, domin su ba sa ƙirga data, ba sa kuma sauraron ƙarar janareton maƙwabci don su san an ɗauke wuta. Ka gaya wa mai karatu cewa dunƙulallen fayil na kenel guda daga kernel.org ya haura megabait 100, amma ɗauko dukan tarihinsa da Git gigabait ne masu yawa, don haka wanda ba ya bukatar tarihi ya yi amfani da `git clone --depth 1`, ko ya sauke dunƙulallen da `wget -c`, wanda in layi ya yanke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ka kuma nuna cewa ya halatta mutum ɗaya ya sauke, abokansa su kwafa a filash, da sharaɗin kowa ya tabbatar da ingancin nasa ta hanyar gwada sakamakon `sha256sum` da lambar da ke kernel.org, domin fayil ɗin da ya lalace a hanya yakan haifar da kurakuran da za su sa yaro ya yi ta zargin kansa kwana da kwanaki.

Yanzu ga zuciyar aikin, wadda a kanta nake so ka fi daɗewa. Kowane mataki yana da haƙƙi uku a kanka: umarnin da za a buga, alamar da za a gani in an dace, da maganin da za a yi in ba a dace ba. Yawancin jagorori na farkon kaɗai suke bayarwa. Ɗauki misalin saiti. Marubuci yakan ce a kwafo saitin kenel mai aiki daga foldar `/boot` zuwa `.config`, a buga `make olddefconfig`, a wuce. Bai faɗa ba cewa saitin Ubuntu yana ambaton wata takardar shaida mai suna `debian/canonical-certs.pem` wadda babu ita a rubutun kernel.org, saboda haka harhaɗawa za ta yi nisa, na'ura ta yi zafi, sannan ta tsaya da ƙorafin ba ta san yadda za ta samar da wannan fayil ba. Maganin kuwa layi biyu ne, a wofintar da `SYSTEM_TRUSTED_KEYS` da `SYSTEM_REVOCATION_KEYS` ta hanyar `scripts/config` tun kafin a fara, kuma wajibi ne ka sa shi a cikin matani, ba a ƙarshen takarda ba, ka kuma kwafe saƙon kuskuren da harshensa na asali domin wanda ya gamu da shi ya gane shi da ido.

Misali na biyu ya fi shafarmu. Umarnin `make localmodconfig` rahama ne ga mai ƙaramar laftof, domin yana duba direbobin da ke aiki a wannan lokaci ya watsar da sauran dubbai, ta haka aikin sa'o'i ya ragu ƙwarai. Sai dai abin da ba a jona ba a lokacin, ba za a gina direbansa ba. Yawancinmu kuwa da wayar hannu muke bai wa kwamfuta intanet ta igiyar USB. Ka kwatanta ɗalibi a Unguwar Rimi, ya ɗora laftof a kan littattafai biyu don iska ta shiga ta ƙasa, ya jira har aka gama, ya sake kunnawa cikin murna, ya jona wayarsa, sai kwamfuta ta yi kamar ba ta taɓa ganin ta ba, ga shi babu intanet ɗin da zai nemi dalili. Jumla guda ce za ta tsare shi: kafin ka buga wannan umarni, jona wayarka ka kunna rabon intanet, ka jona filash da firinta da duk abin da kake amfani da shi. A wajen `make -j4` kuma ka bayyana cewa lambar tana bin yawan ƙwaƙwalen lissafin na'ura, wanda `nproc` ke nunawa, amma a zafin Maris da Afrilu, ko in ƙurar hunturu ta toshe fanka, rage ta ya fi alheri. Ka kwantar masa da hankali cewa in wuta ta tafi ana cikin harhaɗawa, sake buga `make` yakan ci gaba daga inda aka tsaya, in kuwa aka ga wani baƙon kuskure bayan haka sai a yi `make clean` a sake.

Akwai wani babi da ban yarda a fitar da jagora ba tare da shi ba, shi ne babin komawa. Mutumin da kwamfuta ɗaya gare shi, a cikinta aikin makarantarsa yake, amana ce ya ba ka da ya bi maganarka. Ka umarce shi ya sa wa kenel ɗinsa laƙabi ta `CONFIG_LOCALVERSION` don ya bambanta shi da na asali, kada ya goge tsohon, kada kuma ya buga `make modules_install` da `make install` sai batirinsa na cike, domin yankewar wuta a wannan gaɓa ta fi ta ko'ina haɗari. Ka koya masa yadda zai fito da jerin GRUB, ta danna Shift ko Esc yayin kunnawa, ya zaɓi tsohon kenel in sabon ya ƙi tashi. Ka gargaɗe shi cewa na'urar da Secure Boot ke kunne a kanta za ta ƙi kenel ɗin da ba a sa wa hannu ba. Ka rufe da `uname -r`, wanda zai nuna masa laƙabin da ya sa, sannan da yadda ake cire abin da aka girka in an gama da shi.

In ka kammala, saura muƙabala. Nemo wanda bai taɓa yi ba, ƙaninka ko ɗalibinka, ka ba shi takardar da na'ura mai tsarki, ka zauna a bayansa ka kame bakinka. Wannan shi ne mafi wuya, domin za ka ga ya buga alamar `$` da ke farkon layi yana zaton tana cikin umarnin, ko ya tsaya a wata folda dabam saboda ba ka ce ya shiga wadda aka warware ba, zuciyarka ta yi ta ingiza ka ka ce masa, “Kai, ba haka ba ne.” Kada ka faɗa. Rubuta wurin, domin mai karatu na gaba ba zai same ka a bayansa ba. In ya juyo ya ce, “Yaya, a nan me ake nufi?” to jumlar ce ke da laifi, ita za a sake. Ka gyara, ka nemo wani sabo, domin wanda ya riga ya bi sau ɗaya ya zama masani, shaidarsa ta raunana.

Idan kuwa aibin da ka gano a cikin takardun kenel na asali yake, to ka mayar da gyaran can, domin amfanin ya game kowa. Gyara fayil ɗin, ka gwada da `make htmldocs` ka ga ya fito daidai, ka yi faci guda don matsala guda da `git format-patch`, ka bayyana dalili a taƙaice, ka sa layin `Signed-off-by` wanda shi ne shaidarka cewa kana da haƙƙin bayar da aikin, ka tace shi da `scripts/checkpatch.pl`, ka nemi sunayen waɗanda za a aika wa da `scripts/get_maintainer.pl`, sannan ka aika da `git send-email` a matsayin rubutu tsantsa. In an dawo maka da gyara, ka karɓa da ladabi ka aika bugu na biyu, tare da bayanin abin da ka canza. A cikin `Documentation/translations` akwai fassarar Sinanci da Japananci da Koriyanci da Italiyanci da Sifaniyanci, babu ta Hausa, kuma lasisin GPL bai hana kowa yin ta ba. Wanda ya ɗauki wannan nauyi ya bar umarnai da saƙonnin kuskure yadda suke, ya fassara bayanin kaɗai, ya rubuta a samansa lambar kenel ɗin da ya fassara daga gare shi, ya kuma ɗaura niyyar komawa ya gwada fassararsa da asali duk lokacin da sabon kenel ya fito.