HAYAR GIDA A GARURUWANMU DA HUKUNCINTA A SHARI'A

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan hayar gida ya ke, musamman yadda ta ke gudana yau a garuruwan arewacin Jihar Kano, irin su Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa. Dattawanmu sun san zamanin da ba a biyan kuɗin ɗaki a waɗannan wurare. Baƙo in ya zo, sai a kai shi wurin mai unguwa, a nema masa masauki, a ba shi shago ko ɗakin zaure aro, har ya sami inda zai kafa nasa. Ita kanta kalmar haya daga Turanci muka aro ta. Abin da kakanninmu suka sani shi ne sufuri, na jaki ko na gona.

Yau al'amari ya sāke. Wannan yanki tun asali ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jingine da gona, kowace shekara ana noma ta da taki ba hutu, rabon gādo kuwa yana ta ƙara tsaga ta. Sa'an nan aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ma'aikata suka fara zama a hedkwatocinsu. Makarantu suka biyo baya. Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta suna tara ɗalibai da malamai waɗanda ba 'yan gari ba ne, kowannensu kuwa yana bukatar wurin kwana. Kasuwar hatsi ta Dawanau ta jawo 'yan kasuwa da 'yan dako daga ko'ina, birnin Kano kuma yana ta miƙe ƙafa a kan hanyar Katsina, ana yanka gonaki ana mai da su fulotai. Ga kuma bayin Allah da rashin tsaro ya koro daga wasu ƙauyukan Katsina da Zamfara. A ƙarshen watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, har ma'aikacin da ke zuwa aiki daga birni kullum ya ga gara ya kama ɗaki kusa da wurin aikinsa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa, gini ya yi wuya. Masu nema sun yi yawa, ɗakuna ba su ƙaru daidai da su ba, kuɗin haya ya hau, masu gida kuma suka koma neman kuɗin shekara guda a dunƙule.

Hauhawar kuɗin ba ita ce babbar damuwarmu a wannan fili ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda mutane ke ɗaukar haya tamkar alfarma ce da mai gida zai janye ran da ya ga dama. To, a Shari'a haya ciniki ce. Malamanmu na Malikiyya suna kiran ɗaukar mutum aiki ijara, hayar gida da ƙasa da dabba kuwa su ce kira'i. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa hukuncinta ɗaya ne da na saye da sayarwa wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta. Bambancin kawai shi ne, mai sayen gida ya mallaki ginin, mai haya kuwa ya mallaki amfanin ginin zuwa wani lokaci. Saboda haka lalle ne a san gidan, a san kuɗin, a san wa'adin. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umurni ce ga muminai da su cika ƙulle-ƙullen da suka yi, haya kuwa tana cikinsu.

Haya iri biyu ce a wurin malamai, kuma a nan ne rigima ta fi yawa, don haka mai karatu ya natsu. Akwai wajiba, watau wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce na ba ka wannan ɗaki daga watan Muharram zuwa ƙarshen Zulhajji a kan kaza. Wannan ta lizimci kowa. Mai gida ba shi da ikon ƙara ko kwabo kafin wa'adi ya cika, ba shi da ikon fitar da ɗan haya, shi ma ɗan haya ba zai tashi a tsakiya ya ce a mayar masa da sauran kuɗinsa ba, sai da yardar mai gida. Akwai kuma mushahara, kalmar daga shahar ta ke, watau wata. Ita ce a ce kowane wata kaza, ko kowace shekara kaza, ba tare da an faɗi ranar ƙarewa ba. Wannan ba ta lizimci kowa ba, kowane ɗayansu yana iya janyewa. Amma Shaihu Halilu ya yi togaciya a cikin Mukhtasar: idan an riga an biya kuɗi, to, ta zama dole gwargwadon abin da aka biya. Ashe ke nan mai gidan da ya karɓi kuɗin shekara, bayan wata biyar ya zo ya ce siminti ya yi tsada a ƙara masa, ko a tashi ya sami wanda zai biya fiye, yana neman sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa ne. Abin da ya karɓa ta wannan hanya cin dukiyar ɗan'uwa ne da ɓarna, ko da ɗan hayar ya miƙa da hannunsa don tsoron a watsar masa da kaya a waje.

Mutuwa ma ba ta warware haya a mazhabarmu, ko da ya ke Hanafiyya sun saɓa a kan haka. Idan magidanci ya rasu da sauran wata bakwai a hayarsa, waɗannan watanni haƙƙin magadansa ne. Abin kunya ne ƙwarai a ga matar da ke cikin takaba ana aiko mata da saƙon ta nemi wani wuri. Haka nan idan mai gida ne ya rasu, magada ba su da ikon korar mai haya don su raba gādo, sai wa'adi ya cika. In an sayar da gidan, hayar tana nan, kuma wajibi ne mai sayarwa ya gaya wa mai saye cewa akwai mutum a ciki zuwa lokaci kaza.

Abin da ke warware ta shi ne gushewar amfanin da aka saya. Gidajen ƙasa suna faɗuwa a cikin watan Agusta in ruwa ya yi yawa, kowa ya sani. Misali, mutum ya kama ɗaki a kan Naira 60,000 a shekara, ya zauna wata takwas ɗakin ya rushe. Hayar ta warware a cikin abin da ya saura, sai a mayar masa da Naira 20,000. Game da gyara kuwa, kamar yoyon rufi ko tsagewar bango, mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a tilasta wa mai gida, amma in lalacewar tana cutarwa ɗan haya yana da zaɓin ya tashi, ya biya na kwanakin da ya zauna kaɗai. A ganina, a wannan zamani da wanda ya tashi ba ya samun wani ɗakin, ya kamata a sa sharaɗin gyara tun wurin ƙulla hayar, a faɗi wanda zai yi yaɓe da wanda zai yashe masai, a rubuta, a sa shaidu biyu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba ta bar ƙarami ba balle babba. Alƙalanmu sun gaji da shari'ar da ba ta da takarda sai rantsuwa.

Shi ma ɗan haya kada ya ɗauka darasin nan nasa ne shi kaɗai. Gidan amana ne a hannunsa. Abin da ya tsufa don kansa ba ya biya, amma abin da ya ɓata da sakaci ko ƙetare iyaka zai biya. Wanda ya kama ɗaki don kwana ba zai kafa injin niƙa a ciki ba. Wanda ke da hali kuma ya riƙa jan mai gida da gobe da jibi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira irin wannan jinkiri zalunci. Mu tuna da yawa daga masu ba da haya a garuruwan nan ba attajirai ba ne. Wata gwauruwa ce da ɗakuna biyu, da su ta ke ciyar da marayu.

Sai dillalai. Dillanci sana'a ce halattacciya, la'ada kuma halal ce in an san adadinta da wanda zai biya tun farko. Wanda ya haramta shi ne dillali ya je wurin mai gida ya zuga shi ya kori wanda ke ciki don ya kawo sabo ya ci sabuwar la'ada, ko ya ƙirƙiro masu nema na ƙarya don kuɗi ya hau. Hadisi ya hana Musulmi ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa bayan an daidaita, ya kuma hana najashu, watau tayin yaudara.

Idan wa'adi ya cika, mai gida yana da ikon ya faɗi sabon kuɗi, domin dukiyarsa ce, shi ma tsadar ta same shi. Sai dai ya sanar da wuri, ya ba mutum lokacin neman wani wurin, ya kuma dubi albashin malamin firamare kafin ya yanke. Ginin da a ke ba da haya babu zakka a kansa. Kuɗin hayar ne a ke yi wa zakka, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo suna hannu tun daga ranar da aka karɓe su.

Mako mai zuwa, in Allah ya so, za mu duba hayar gona da jingina, da dalilin da ya sa Imamu Malik ya hana a ba da hayar ƙasa a karɓi hatsi.