Darasi Daga Kamfanin Dell: Yadda Ƙorafin Kwastoma Ke Girgiza Masu Hannun Jari

Kamfanin Dell, wanda Michael Dell ya kafa a 1984 a jihar Texas ta Amurka, ya yi suna ne da sayar da kwamfuta kai tsaye ga mai saye ba tare da dillali ba. Tsarin ya sauƙaƙa farashi, sai dai duk wanda kwamfutarsa ta samu matsala ba shi da shagon da zai nufa, sai dai ya kira layin kamfanin.

A 2005 wani ɗan jarida, Jeff Jarvis, ya fara wallafa ƙorafinsa a intanet kan wahalar da ya sha wajen neman gyara, ya laƙaba wa lamarin suna "Dell Hell". Nan take mutane da dama suka fito da nasu labarin. A watan Agustan 2006 kamfanin ya janye baturan laftof miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin kamawa da wuta. Kafin shekarar ta ƙare, HP ya ƙwace masa matsayi na ɗaya a kasuwar duniya.

Masu hannun jari sun san kwastoman da aka ɓata wa rai ba ya dawowa, kuma yana hana wasu zuwa. Darajar hannun jarin ta faɗi, kuma a Janairun 2007 shugaban kamfanin Kevin Rollins ya sauka, Michael Dell ya koma kujerar.

Don haka kafin ka sayi waya ko laftof, kada arha ta ruɗe ka. Tambayi tsawon garanti, inda ake gyara, da ko ana samun batir da sikirin ɗinta a garinku.